Maganin Aro

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu a Gwiwa ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙannena, "Ku kai wa yayanku." Idan na kira ta daga Kano, gaisuwar minti biyu ce: lafiya lau, ya aiki, ya yaran, Allah ya yi albarka. Ko zazzaɓi ne ya kwantar da ita, lafiya lau ɗin dai za ta ce. Saboda haka duk maganar da ta shafi jikinta sai ta bi doguwar hanya kafin ta iso ni. Ta faɗa wa Auta, Auta ta faɗa wa matata, matata kuma ta auna ta ga ko ya kamata in ji.

Ta wannan hanyar wani saƙo ya same ni a daminar 2024. Na dawo daga masallaci bayan isha'i, matata ta jira yara suka yi barci, sannan ta zauna tana kallon ƙasa ta ce, "Auta ta ce Inna tana ganin jini." Ban gane ba da farko. Sai ta ƙara da cewa, "Shekara biyu ke nan da ya ɗauke mata. Yanzu ya dawo."

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, abin da na karanta ke nan a jami'a, kuma ban san komai game da jikin mace mai shekara 52 ba. Abin da na sani shi ne duk ƙarshen wata ina tura kuɗi asusun Auta, ta je wurin mai POS ta ciro, kuma a cikin lissafin akwai abin da muke kira kuɗin maganin Inna. Fiye da shekara ina biyan wannan kuɗi. Ban taɓa tambayar wane magani ne ba. A raina na ɗauka na ciwon gwiwa ne ko na gyambon ciki, irin wanda kowace uwa take ajiyewa a ƙarƙashin filo.

Sai daga baya na haɗa labarin daga bakin Auta. Tun wajen 2021 abin ya fara. Inna za ta kwanta lafiya, tsakar dare sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji ya hau wuya da fuska, gumi ya jiƙa zani sharkaf. A tsakiyar hunturu, lokacin da kowa a Gwiwa yake neman garwashi ya sa a ɗaki, ita tabarma take ja ta fito tsakar gida da mafici. Barci ya ƙaurace mata. Ta zama mai saurin fushi, mace da a da jikoki suke hawa kanta ba ta ce uffan ba. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro ya fi a ƙirga, an yi na taifot, an sha rubutu, an yi hayaƙi, don wasu sun ce iska ce. Babu wanda ya ce mata wannan abu ne da yake samun mata da yawa idan al'ada ta zo ɗaukewa, tsakanin shekara 45 da 55, saboda jiki ya rage samar da wani sinadari da ake kira istirojin.

Bayan ƙaramar sallar 2023 aka yi biki a danginmu, Gwaggo ta zo daga Kano suka kwana ɗaki ɗaya da Inna. Ta ga yadda take tashi cikin dare, sai ta buɗe jaka ta ciro wani katin ƙwayoyi ta ce ita ma ta sha wannan wahalar, kuma ga abin da likita ya rubuta mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Inna ta karɓa ta fara sha, ɗaya kullum. Kafin wata ya zagayo zafin ya lafa, ta koma kwana a ɗaki, ta koma dariya. Da katin ya ƙare sai ta ba Auta kwalin, aka kai wa wani mai kemis, ya ce ba shi da shi amma zai sa a taho da shi daga Kano. Haka aka ci gaba har wata goma sha huɗu.

A wannan daren na sa Auta ta ɗauko hoton kwalin ta turo mini ta WhatsApp. Istirojin ne zalla, miligiram 2. Na buɗe kwamfuta na zauna karatu har kiran sallar farko.

Abin da na fara ci karo da shi ya sa hannuna sanyi. Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. A jikin mace mai al'ada akwai wani sinadari na biyu, furojestaron, da yake taka wa wannan kauri birki, sannan shimfiɗar ta zube a matsayin jinin wata. Idan aka ba mace istirojin shi kaɗai wata da watanni alhali mahaifarta tana nan, shimfiɗar za ta yi ta kauri babu mai tsayar da ita, kuma a wasu matan hakan yana kaiwa ga sankarar mahaifa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A Amurka an ba da izinin sayar da Premarin, istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, tun 1942, aka yi shekaru ana ba mata shi kaɗai. A 1975 bincike biyu suka fito a wata babbar mujallar likitoci ta can, suka nuna haɗarin sankarar mahaifa ya ninka fiye da sau huɗu a wurin masu shansa. Tun daga nan ƙa'ida ta zama cewa duk macen da mahaifarta take nan, dole a haɗa mata da sinadari na biyun.

Nan na tuna cewa shekarun baya an yi wa Gwaggo aiki an cire mata mahaifa saboda ƙari. Ni ma na je duba ta a asibiti. Maganin da likita ya rubuta mata daidai yake da jikinta, don ba ta da mahaifar da za ta yi kauri. A jikin Inna kuwa rabin magani ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai kare ta. Kayan aro ba ya rufe katara. A aikina na sha ganin yaro ya kwafo layukan manhaja daga aikin wani ya liƙa a nasa, abu ya yi ta tafiya lafiya, sai bayan watanni a gano yana ɓata bayanai a ɓoye, saboda mai asalin aikin ya rubuta shi ne don wani yanayi dabam. Ban taɓa zaton zan ga irin wannan a jikin mahaifiyata ba, kuma da kuɗina.

Cikin tsoro na ci gaba da karatu, na faɗa kan wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna WHI. Mata 16,608 aka sa a ɓangarensa na farko, aka ba rabi haɗin sinadaran biyu, rabi kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. A watan Yulin 2002 aka dakatar da shi kafin lokacinsa. Jaridu suka buga cewa maganin yana ƙara haɗarin sankarar mama da kashi 26 cikin 100, mata da yawa a ƙasashen Turawa suka watsar da shi. Da na ga wannan adadi na ɗauki waya zan kira Auta in ce ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai. Ƙarfe uku na dare ne, shi ya sa na ajiye.

Allah ya sa na ajiye, domin da na nutsu na karanta alƙaluman da kansu sai na ga abin ya fi haka faɗi. Lissafi dai shi ne abincina. Kashi 26 cikin 100 na me? A cikin kowane mata 10,000 da suka sha haɗin tsawon shekara guda, an samu ƙarin mutum 8 masu sankarar mama a kan waɗanda ba su sha ba. An samu ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu jijiyar huhu, da ƙarin 7 masu ciwon zuciya. A gefe guda kuma an samu ragin mutum 6 masu sankarar hanji da ragin 5 masu karayar ƙugu. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, wato da yawansu sun daɗe da wuce lokacin ɗaukewar al'ada kafin su fara sha. Ɓangare na biyu na binciken, wanda aka yi da mata irin Gwaggo da aka cire wa mahaifa, suna shan istirojin kaɗai, an dakatar da shi a 2004 saboda ƙaruwar shanyewar ɓarin jiki, amma sankarar mama ba ta ƙaru a wurinsu ba. Da aka sake nazarin sakamakon a shekarun baya, likitoci da yawa suka tsaya a kan cewa macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta da wata cuta da ta hana, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa.

Haɗarin dai yana nan, kuma yana ƙaruwa da tsawon sha. Wani nazari da mujallar Lancet ta Ingila ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa idan mata suka fara shan haɗin kullum suna da shekara 50 suka yi shekara biyar a kai, za a samu ƙarin mace guda mai sankarar mama a cikin kowace 50 kafin su kai 70. Ga masu shan istirojin kaɗai, guda a cikin 200. Na kuma koyi cewa hanyar da maganin yake shiga jiki tana da tasiri. Ƙwayar da aka haɗiye sai ta bi ta hanta, hanta kuma ta ƙara samar da abubuwan da suke daskarar da jini. Wanda ake manna wa fata kamar filasta, ko wanda ake shafawa, ba ya bin wannan hanya, don haka haɗarin gudan jini a wurinsa ya fi sauƙi. Akwai kuma ƙananan illoli da sukan zo a watannin farko: ciwon mama, tashin zuciya, kumburin ciki, ciwon kai, ɗaurewar ƙafa. Da na karanta wa Auta jerin nan da safe ta ce duk Inna ta yi su, ta ce ba komai ba ne idan aka gwada da rashin barci.

Gari ya waye mini da fahimta guda. Ƙwayar nan ba guba ba ce, ta yi wa Inna aikin da rubutu da hayaƙi da allurar zazzaɓi suka kasa. Amma magani ne da ba a bayar da shi sai an yi tambayoyi, kuma a tsawon wata goma sha huɗu babu wanda ya yi wa Inna ko guda. Gwaggo ba ta yi ba, don tausayi ne ya sa ta buɗe jakarta. Mai kemis bai yi ba. Yaro ne sa'an ƙanena, Inna yake ce mata shi ma, ta yaya zai buɗe baki ya tambayi Auta ko mahaifar Inna tana nan? Ni ma ban yi ba, na fake da kunyar ɗan fari na tura kuɗi na ɗauka na sauke nauyi.

Mutum guda ce ta yi abin da ya dace, kuma ba likita ba ce. Da Inna ta ga jinin, damuwarta ta farko salla ce: ta ci gaba ko ta dakata? Sai ta tambayi malamarsu ta Islamiyya. Malamar ta yi mata bayanin abin da malaman Malikiyya suka ce, cewa jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70 ana komawa ga mata masana su duba ko haila ce. Sannan ta ce mata, "Amma Hajiya, jinin da ya dawo bayan shekara biyu, ki kai shi asibiti tukuna." Wannan maganar ce ta sa Inna ta faɗa wa Auta. Ba don ita ba, da wataƙila har yau ina tura kuɗin magani.

Ranar Asabar na kama hanyar Dambatta na wuce Kazaure na isa gida. Ban ce wa Inna komai ba, ita ma ba ta ce ba. Auta ce ta sanar da ita cewa yayansu ya zo da mota za a je asibiti. A Kazaure aka fara auna ta, hawan jininta ya kai 160 bisa 100, abin da babu wanda ya san tana da shi. Aka ce ta dakatar da ƙwayar, aka ba mu takarda zuwa Kano.

A Kano likitar mata ce ta gan ta. Ni ina zaune a benci a waje, Auta ta shiga da ita. Bayan kusan rabin awa aka ce in shigo. Inna ta juya fuska tana kallon bango, ni kuma ina kallon takalmina. Likitar ta lura, sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗan fari ne ko, Mama? To ku yi haƙuri ku duka biyun, yau dai sai an yi magana." Ta lissafa mini tambayoyin da ta yi mata, waɗanda ta ce ita ba ta rubuta wannan magani sai ta ji amsarsu. Mahaifa tana nan ko an cire? Akwai hawan jini, kuma ana shan maganinsa? An taɓa samun ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko gudan jini a huhu? An taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya? Akwai ƙullutu a mama, ko wata a dangi ta yi sankarar mama? Akwai ciwon hanta? Akwai jinin da ba a san dalilinsa ba? Tambayoyi bakwai, ba su ɗauki minti goma ba.

Hoton da aka ɗauka ya nuna shimfiɗar mahaifar ta kai milimita 11. Likitar ta ce a macen da al'ada ta ɗauke wa tana ganin jini, abin da ya wuce 4 sai an bincika. Aka ɗebi ɗan abu daga ciki aka kai ɗakin gwaji. Mako biyu muka jira. A waɗannan kwanaki na zauna gaban kwamfuta ina kallon aikin ofis ba na ganin komai. Na yi niyyar kiran Gwaggo in faɗa mata abin da ke raina, matata ta riƙe wayar ta ce, "Ita ta kwana da Inna ta ga wahalarta. Kai ina kake?" Ban sami amsa ba.

Sakamako ya fito, alhamdu lillahi ba sankara ba ce. Kauri ne kawai, irin wanda ƙwayoyin halittarsa ba su canza kama ba, kuma ana maganinsa da sinadarin nan na biyu da aka bari tun farko. Likitar ta ba da shawarar a sa mata wata 'yar roba a cikin mahaifa mai sakin sinadarin a hankali, irin wadda ake sa wa mata don tazarar haihuwa. Auta ta ce da Inna ta ji haka sai da ta rufe baki da mayafi tana dariya, wai da jikoki tara za a yi mata tsarin iyali. Aka sa, aka ɗora ta a kan maganin hawan jini, aka ce a dawo bayan wata shida a sake gwaji.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce mun yi nasara. Amma mako uku da barin ƙwayar zafin ya dawo kamar jiya ya tafi. Tabarma ta koma tsakar gida. A hanyarmu ta komawa Gwiwa bayan wani zuwa asibiti, muna wuce Kazaure, Inna ta yi magana daga kujerar baya. Da Auta take, amma murya ta ɗaga yadda zan ji. Ta ce, "Ki tambayi yayanki, shi da ya yi karatu, wa zai biya ni barcina?"

Tambayar ta zauna mini, don tana da gaskiya. Mu da muke lissafin haɗari mukan manta cewa rashin magani ma yana da nasa farashin. Mace ta yi shekaru ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba, tana tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta yi ta fama da jikoki, kowa yana cewa Inna ta canza hali. Wannan ma ciwo ne, ko da ba ya fitowa a hoton asibiti. Na koma wurin likitar na faɗa mata maganar kamar yadda aka faɗa. Ta ce ba a rufe ƙofa ba. Idan gwaje-gwaje suka nuna shimfiɗar ta koma daidai, hawan jinin kuma ya sauka ya zauna, za a iya zama a duba ko Inna za ta koma kan istirojin ta hanyar fata, a mafi ƙarancin adadin da zai yi mata aiki, ga robar tana kare mahaifa, kuma a riƙa duba ta duk shekara. Kafin nan akwai wasu magunguna da ba na sinadarin ba da sukan rage zafin, ta rubuta mata guda. Ya rage, bai kai na da ba. Ta kuma ce a kawo Gwaggo ita ma a auna ta, don shekarunta sun ja kuma ta daɗe ba ta koma an duba ta ba.

Gwajin wata shida na farko ya fito lafiya. Saura na biyu. Yanzu ina da jerin duk abin da Inna take sha a wayata, da adadinsa da ranar da aka fara, kuma Auta tana auna mata jini duk Juma'a ta turo mini. Kafin in rubuta wannan na aika a tambaye ta ko ta yarda. Amsa ta dawo ta hanyar da ta saba, daga Auta zuwa matata zuwa gare ni: a rubuta, kada a sa suna, kuma a faɗa cewa ita ma ta ba wata maƙwabciyarta kati guda a bara, ta riga ta je ta karɓo abin da ya rage ta raka ta asibiti.

Da na je gida da babbar salla, na fito cikin dare zan sha ruwa na same ta a kan tabarma tana fifita. A da sai in koma da baya kamar ban gani ba. Wannan karon na tsuguna daga bakin ƙofa na ce, "Inna, zafin ne?" Ta daɗe ba ta amsa ba, mafici yana ta kaiwa da komowa. Can ta ce, "Da sauƙi. Yaushe ne komawar tamu?" Na ce mata watan gobe ne, ranar Talata. Ta ce Allah ya kai mu, a gaya wa Auta ta tuna da katin asibiti.